Ranar da Aka Juya Kujeru

Saura kaɗan in fasa rubuta muku wannan. Sau uku ina buɗe shafin ina rufewa, don abin da ya faru cikin makonni ukun nan ya yi kama da yabon kai, ni kuwa ko sunana aka ce in faɗa a cikin taro sai muryata ta maƙale. Kakata Borghild ce ta zaunar da ni. Ta ce tunda na iya ba ku labarin ranar da na yi kuka a banɗakin wurin aiki, ba ni da hujjar ɓoye ranar da na yi dariya. Ta turo min kofi da waina mai zafi, ta ce ba inda zan je sai na gama.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Ingvild, shekarata ashirin da uku, ina zaune da iyayena a tsibirin Sotra, gada ce ta haɗa mu da birnin Bergen. Karatuna bai yi nisa ba. Tun ina ƙarama haruffa rawa suke yi min a ido, da na samu ƙofar fita kuwa ban waiwaya ba. Aikina shara da goge-goge a tashar tasin sama ta kamfanin Terna da ke Straume. Jirage uku gare mu, farare tas, batir ke jan su, kowanne na ɗaukar matuƙi da fasinja huɗu. Minti bakwai su sauke ka a bakin ruwa a tsakiyar birni, tafiyar da in gada ta cushe da safe sai ka share awa guda kana kallon bayan motar gabanka. Wata goma sha huɗu ina goge jiragen nan ciki da waje, ban taɓa tashi a ko ɗaya ba.

Sai kuma Sindre. Dogo ne, mai tabarau, kullum cikin shuɗiyar rigar ruwa wadda zif ɗinta ya lalace tun bara. Aikinsa shi ne ya gano wa kamfani su wane ne za su hau jirgin nan, da abin da zai sa su dawo. Hirarmu duk a tsaye muke yin ta, kafaɗa da kafaɗa, ina goge gilashin ɗakin jira yana riƙe min bokiti, mu biyu muna kallon teku. Wata takwas ke nan. Amma in kun ce in faɗa muku launin idonsa, sai dai in yi ƙarya. Takalmansa dai na san su sarai.

Ranar wata Laraba da rana ina cikin wanke tsumma wayata ta yi ƙara, saƙon Sindre ne.

"Hilde ta tara mu. Masu jari sun ce in wata ya ƙare kujeru ba su cika ba, za a rufe hanyar. Ni kuma za a mai da ni ofishin Malaga."

Hilde ita ce shugabar tashar. Ban gama haɗa haruffan ba wani saƙon ya shigo.

"Ina son ki. Na san kin sani. Ba na so in haɗa jaka ban ji komai daga bakinki ba."

Jama'a, kun san abin da na tura masa? Hoton babban yatsa. Kuskure na yi na danna, kafin in goge ya riga ya gani. Na tsugunna a bayan injin wanki kamar ƙasa ta tsage in shige. Malaga ba nan kusa ba ce, kuma ni ba zan bar Kaka ba, shi ma ya san haka. In hanyar nan ta mutu, maganarmu ta mutu tun ba a fara ta ba.

Matsalar kamfanin kuwa kowa a tashar ya san ta. Kafin hanyar ta riƙe kanta, sai an cika kujera uku cikin huɗu a kowane tashi. Mu kuwa mutum ɗaya muke ɗauka, in an yi sa'a biyu. Ba wai mutane sun ƙi gwadawa ba ne. Rabin tsibirin ya hau sau ɗaya, ya ɗauki hoto, ya sauka, bai sake dawowa ba. Sindre ya tsaya a ƙofar fita da takardar tambayoyi, tara cikin goma suka ce masa ya yi kyau ƙwarai, sun gode. Aka ce tsada ce, aka rage kuɗin tikiti, shiru. Aka ce tsoro ne, aka yi fim ana nuna yadda jirgin ke sauka lafiya ko farfela biyu sun tsaya, shiru. Aka ɗora laifi a kan hazon teku da iska, gaskiya ne suna hana mu tashi wasu ranaku, amma ranar da sama ta yi garau ma wayam jiragen ke zuwa.

Washegari Alhamis, ranar dunƙulen dankali da naman rago mai gishiri a gidanmu. Ina buɗe ƙofa na ga wasu baƙaƙen takalma masu sheƙi a jere da na Baba. Preben ya zo. Mama ta shimfiɗa farin zanen tebur mai ɗinkin hannu wanda ba a fito da shi sai Kirsimeti, har da kyandir biyu da rana tsaka. Ta tare ni a lungu ta ce in cire kayan aikin nan masu warin sabulu, in sa jar rigata ta ulu, in kuma saki gashina.

"Mama, abinci kawai za a ci."

"Ni ma abin da na ce ke nan. Ɗaga kanki dai in ana yi miki magana."

Preben ɗan abokin Baba ne. Motocin haya biyu gare shi da sabon gida mai ɗumama ƙafa ta ƙarƙashin daɓe, kuma Mama ta fi shi sanin adadin ɗakunan. Ba mugu ba ne. Illarsa ɗaya, in ya fara magana ba ya buƙatar amsa, wai shi ya sa Mama ke ganin mun dace. Babana Oddvar kuwa shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tasi a tsibirin nan. Da na kama aiki a Terna mako biyu bai ce min uffan ba. Da ya ji labarin Sindre cewa ya yi wanda ke lissafin yadda zai ƙwace masa fasinja ba zai taka masa ƙofa ba, ko da tabarau goma ya sa.

Muna cikin ci Preben ya ce ya ji ana shirin rufe mana shago. Ya ce kada in damu, ofishinsa na neman mai ɗaga waya. Mama ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ya ci gaba da cewa shi ma ya hau jirgin sau ɗaya, abu mai kyau, amma ba zai ƙara ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Me ya sa?"

Duk suka kalle ni, don ba a saba ji na a tebur ba. Preben ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai sani ba, haka kawai, an haɗa shi da wata mata mai jaka, tafiyar ta yi masa tsawo.

Minti bakwai fa. Ga Preben, wanda ke iya awa biyu yana bayanin tayar hunturu.

Baba ya ajiye cokali ya yi dariyar da yake yi in zai koyar da mutum. Ya ce yaran nan sun karanta komai ban da mutane.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "mutumin tsibirin nan bai taɓa zama kusa da ni a gaba ba, sai in ya bugu ko an yi masa rasuwa. Bayana yake zama, daidai inda madubi ba ya kama shi. Kuma kuna tsammani don ina son waƙa nake kunna rediyo? Don kada ya ji ina haɗiyar yawu ne, ni ma kada in ji nasa."

Kaka ta ce gaskiya ne, ita ma shekara arba'in tana zuwa coci, benci ɗaya take zama da matar wani Nils, ba su taɓa barin ƙasa da jaka biyu a tsakaninsu ba.

Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa wani abu ne ya faɗo min a rai.

Akwai wani datti da ya fi kowane datti ba ni wahala a jiragen nan. A ƙasan kowace kujera akwai wani ɗan farin bango, kullum sai na tarar da baƙin zanen dunduniyar takalmi a jikinsa, can ciki, inda sai mutum ya lanƙwashe ƙafarsa sosai kafin ta kai. Wata goma sha huɗu ina kankare shi da buroshin haƙori ina tsine wa masu shi a zuci. Ban taɓa tambayar kaina me ke sa mutum ya cusa ƙafarsa can ba.

Juma'a da safe, kafin tashin farko, na shiga jirgi na biyu da bokitina. Maimakon in durƙusa, sai na zauna. Karo na farko ke nan. Kujerun huɗu ne, biyu suna kallon biyu, kamar a hoton tallan da ke bangon ɗakin jira, inda wasu mutum huɗu masu fararen haƙora ke riƙe da kofuna suna yi wa juna dariya. Na ɗora jakar tsummana a kujerar da ke gabana, na ce a raina wannan maƙwabcinmu ne, ko malamin da ya taɓa sa ni karatu a gaban aji. Tsakanin gwiwata da bakin kujerarsa bai kai tsawon tafin hannu biyu ba. Na duba ƙasa. Ƙafafuna sun riga sun shige ƙarƙashin kujera da kansu, dunduniyata daidai kan baƙin zanen.

Sannan ga shirun. Kamfani na alfahari cewa jirginmu ba shi da ƙara, har an rubuta a talla cewa kana iya hira da na gabanka ba tare da ɗaga murya ba. To, wa ya ce musu muna son hira da na gabanmu? A bas ko injin yana rufa maka asiri.

Rubutu zai ɗauke ni rabin yini, sai na ɗauki hoton zanen a jirage ukun, na shiga ɗakin tsintsiya na rufe ƙofa, na yi wa Sindre saƙon murya. Sau huɗu ina gogewa. Na biyar na runtse ido na tura.

Bayan minti ashirin amsa ta zo.

"Na duba. Cikin masu fasa tafiya, yawancinsu suna fasawa ne bayan wani ya kama kujera a jirgin da suka riga suka kama. Wata shida abin nan yana gabana. Na ɗauka sauya shawara ce kawai."

Sai wani saƙon: "Ga ni zaune dirshan a ƙasa a ofis."

Sai wani: "Litinin masu jari za su zo. Ke za ki gaya musu."

Na rubuta masa a'a, har sau uku, da manyan baƙaƙe. Ya ce shi ya riga ya kawo musu dalilai uku duk sun faɗi, in ya zo da na huɗu ko kallonsa ba za su yi ba. Ya ce kuma ba nasa ba ne, ba zai sa hannu a kan abin da bai gano ba.

Asabar da Lahadi ban ci abin kirki ba. Na gwada jawabin a gaban madubi, ni kaina na kasa kallon kaina. Kaka ce ta same ni a bayan gida ina shanya kaya cikin yayyafi, ta ce ko kaza ta fi ni hankali yau. Da na gaya mata komai, ta gyara ɗankwalinta, sannan ta tambaye ni wa ke jera kujeru a ɗakin taron.

Na ce ni.

Ta ce, "To, me ya kai ki jawabi? Yi aikinki."

Litinin na sa jar rigar ulun nan a ƙarƙashin rigar aiki, na ɗaure gashina tamau. Tun bakwai na shiga ɗakin taro na ture dogon teburin jikin bango. Na ɗauko kujeru huɗu na jera biyu suna kallon biyu, na auna tsakaninsu da igiyar da na auno a jirgi. Na shafa farin alli a sandar ƙasan kowace kujera. Na kashe fankar iska, na cire wayar injin kofi, na rufe tagogi. Ɗakin ya yi tsit har ina jin agogon hannuna.

Ƙarfe tara suka shigo. Hilde a gaba da baƙar kwat, sai masu jari uku: wani dattijo mai farin gemu da ake kira Rognaldsen, wanda aka ce shi ne mai yanke magana, da wata mata, da wani saurayi mai kwamfuta. Sindre na biye da su. Hilde ta ga tebur a bango, ta dube ni, ta dubi Sindre. Ya ce mata Ingvild na da abin nunawa, minti bakwai kawai take roƙo.

Na juya musu baya na fuskanci taga, don ta haka kaɗai maganar za ta fito.

"Don Allah mutum huɗu su zauna. Wannan jirgi ne. In na ce an sauka, sai ku tashi."

Dattijon ya ce shi bai taso daga Oslo don wasan 'yan makaranta ba, amma ya zauna. Hilde ta zauna a gabansa, sauran biyun a gefe. Na danna agogo.

Ta cikin gilashin taga nake ganin inuwarsu. Minti na farko matar ta yi ɗan murmushi ta ce ashe yau ba ruwa sosai. Aka ce mata e. Maganar ta mutu a nan. Saurayin ya zaro waya, ya ga in ya ɗaga ta kamar yana ɗaukar matar hoto ne, ya sauke ta kan cinya. Hilde ta kalli silin. Dattijon ya kalli takalmansa, ya kalli ƙofa, ya gyara wuyan riga. Gwiwarsa ta taɓa ta Hilde, su biyun suka ce yi haƙuri a tare.

A minti na uku cikin wani ya yi ƙugi. Dogon ƙugi, mai hawa da sauka. Ba wanda ya motsa. Kunnuwansu su huɗun suka yi jawur, na kasa gane na wane ne.

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu dattijon ya miƙe tsaye. Ya ce ya isa haka, me ake son nunawa?

Na juyo. Ban kalli fuskarsa ba, amma na juyo. Na ce su duba bayan takalmansu. Duk huɗun, dunduniyarsu fari fat da alli. Na miƙa wa Hilde wayata da hotunan baƙin zanen da ke cikin jirage.

"Wata goma sha huɗu nake goge wannan," na ce. "Mutanenmu ba tsoron sama suke ba. Junansu suke jin nauyi. Kuma ba za su taɓa faɗa muku a takarda ba. Ko miya mai sanyi aka kawo mana a gidan abinci, shanyewa muke mu ce mun gode, sai dai ba za a sake ganin mu ba."

Na ce a raina shi ke nan, na kori kaina daga aiki.

Sai dattijon ya fashe da dariya, har yana riƙe bayan kujera. Ya ce cikinsa ne, tun asuba bai karya ba, kuma da a sama abin nan ya same shi da ya buɗe ƙofa ya yi tsalle. Ya tambayi Hilde wa ya zaɓi wannan jerin kujerun. Ta ce daga hoton masu ƙera jirgin aka ɗauka, kowa ya ga ya yi kyau. Sindre ya ce maƙeran sun ba da izinin jeri iri biyu, takardun na nan, kujerun a kan layin ƙarfe suke ɗaure, injiniya zai juya na jirgi ɗaya cikin rabin yini.

Dattijon ya dube ni. "'Yata, sai me kuma?"

Na ce a sa rediyo ƙasa-ƙasa, ko da hasashen yanayi ne. Na ce wannan ba dabarata ba ce, ta babana ce, direban tasi.

Aka ba mu mako biyu. Aka juya kujerun jirage biyu duk suka kalli gaba, kowa da tagarsa, aka bar na uku yadda yake don a gwada bambanci. A manhajar kama kujera aka sa ɗan hoto da layi guda: ba wanda zai zauna a gabanka.

Kwana uku na farko ba abin da ya canza, na rame a tsaye. Ranar ta huɗu wata ma'aikaciyar jinya da ke aikin safe a birni ta hau, washegari ta dawo da abokan aikinta biyu, kowacce ta kama tagarta ba wadda ta ce wa wata kanzil. Sai masu sammakon zuwa ofis. Sai wani tsoho da ke zuwa asibiti sau uku a mako, wanda gada ke gajiyar da shi fiye da ciwon. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsakar rana har yanzu da sauƙin mutane, tikitin bai zama na kowa ba, kuma hazo ya cinye mana kwana biyu cur. Amma safe da yamma sai da aka fara jerin jira. Jirgi na uku kuwa, mai kujeru masu kallon juna, yana gefe kamar an yi masa baki. Ni ma na samu sauƙi: buroshin haƙorina ya huta.

Abin da ban zata ba shi ne Baba. Mutanen arewacin tsibiri ba su da yadda za su iso tashar da sassafe sai da mota. Na fara hango tasinsa a ƙofarmu sau uku, sau huɗu kafin tara. Ba ya shigowa. Ya sauke fasinja, ya ɗaure fuska, ya juya. A gida ya ce wa Mama gara wannan zirga-zirgar da zaman gada, ƙafarsa ta hagu ta daina ciwo, amma kada wanda ya ɗauka ya canza ra'ayi.

Alhamis ɗin da ta wuce Hilde ta tara mu a ɗakin jira. Masu jari sun ƙara wa hanyar shekara guda, da jirage biyu a bazara. Ba wanda za a mayar ko'ina. Aka yi tafi, aka yanka kek mai kirim. Ta ce daga wata mai zuwa rabin ranata na shara ne, rabi kuma in zauna a ɗakin jira in kalli mutane in gaya mata abin da na gani, da baki, ba sai na rubuta ba. Ta ce ranar Juma'a da rana za a juya kujerun jirgi na uku.

Na shiga banɗakin nan dai da na taɓa kuka a ciki, na toshe bakina da tsumma mai tsabta, na yi dariya har hawaye.

Da yamma jaridar tsibiri ta sa labarin, har da cewa dabarar ta fito ne daga wata mai shara da mahaifinta, direban tasi Oddvar. A tebur Baba ya ci abincinsa kamar bai ga jaridar ba. Takalman Preben ba su zo ba, Mama ta mai da farin zanen cikin akwati tana ta ajiyar zuciya. Amma da na fita zubar da shara na leƙa motar Baba, na ga an yanke shafin da almakashi an soke shi a bayan abin tare rana.

Ina tsaye a wurin saƙo ya shigo.

"Hanya ta tsira. Tambayata tana nan. Babban yatsa ba amsa ba ne."

Na daɗe ina kallon wayar. Ni ce na sa aka juya wa kowa kujera don kada ido ya haɗu da ido, kuma na yi daidai. Amma akwai magana ɗaya da ba na so in faɗe ta ina kallon teku.

Washegari da safe na tashi tun shida. Na sa jar rigar, na saki gashina ba tare da Mama ta ce ba. A teburin kicin na buɗe manhaja, na nemi jirgi na uku, tashin takwas da kwata, tashinsa na ƙarshe kafin injiniya ya taɓa shi. Kujeru huɗu duk ba kowa. Na kama biyu masu kallon juna, na tura wa Sindre ɗaya ba tare da ko kalma ba. Na bar wayar a kan tebur na je neman takalmi, na dawo na tarar Baba yana shan kofi kusa da ita, yana kallon taga kamar bai ga komai ba.

Takwas da minti goma na hau. Sindre ya riga ni, ya sa farar riga, zif ɗin rigar ruwan an gyara shi. Na zauna a gabansa. Gwiwarmu ta haɗu, ba wanda ya ce yi haƙuri. Ƙafafuna suka fara ja da baya, na dawo da su da ƙarfi na dasa a ƙasa. Na ɗaga kai.

Ruwan toka ne, jama'a. Idonsa ruwan toka ne, da ɗan kore a gefe.

Na buɗe baki ke nan matuƙiya ta ce a dakata, saura fasinja ɗaya, yanzu ya kama kujera. Ƙofa ta sake buɗewa. Na ga hular da na sani tun ina rarrafe ta sunkuyo ta shigo. Baba ya zauna kusa da ni, ya ja bel ya ɗaura, ya miƙe ƙafafunsa har suka taɓa takalman Sindre. Ya kalle shi ido cikin ido, mutumin da shekara talatin da ɗaya ta madubi yake kallon jama'a.

"Kada a kunna rediyo," ya ce wa matuƙiya. Sannan ya juya ga Sindre. "An ce minti bakwai ne. To, ina jin ka."

Farfela ta fara juyawa. Na miƙa hannu na kama na Sindre, a gaban Baba, na ce, "A'a, Baba. Ni zan fara."